MAƊACI: Halin Katakonsa da Amfaninsa

A Udubo, cikin Ƙaramar Hukumar Gamawa ta Jihar Bauchi, da sauran garuruwan ƙasar Katagum, jama'a sun fi sanin maɗaci da ɗacin ɓawonsa. Amma kafintoci da masassaƙa sun san cewa babbar darajarsa tana cikin katakonsa. Matsayin da mutanen Amurka suka ba baƙin katakon walnat wajen yin kayan ɗaki masu tsada, irinsa maɗaci yake da shi a ƙasashenmu.

Halin katakon

Maɗaci yakan kai tsawon mita 30 inda ƙasa take da laima. Idan aka tsaga gungumensa za a ga kashi biyu. Na kusa da ɓawo fari-fari ne, gara da ƙwari suna cinsa da sauri. Na tsakiya ja ne mai duhu, yana ƙara duhu idan ya daɗe, yana da nauyi da ƙwari. Jijiyoyinsa a sarƙe suke, don haka sai da kaifin kayan aiki yake kankaruwa sumul. Idan aka goge shi aka shafa masa mai, yakan yi sheƙi.

Amfaninsa

Da shi ake yin ƙofofi, da tebura, da gadaje, da kabad, da turame, da kwalekwale.

Yadda ake busar da shi

Ɗanyen katako shi ne asarar kafinta. Ƙofar da aka yi da shi takan lanƙwashe ko ta tsage da zarar hunturu ya shigo. Ya kamata a jera katako a inuwa, sama da ƙasa, a riƙa sa 'yan sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa. A shafe bakunansa da fenti, a bar shi watanni kafin a sa masa zarto.

Jan kunne

Maɗaci yana raguwa. A shekarar 2022, a taron ƙasashen duniya da aka yi a Panama, an sa shi cikin itatuwan da ba a fitar da katakonsu waje sai da takardar izini. A gida kuwa, masu saƙe-saƙi suna kashe shi idan suka ɓare ɓawonsa kewaye da gindi, domin ta nan abincinsa yake sauka zuwa saiwoyi. Wanda zai ɗebi ɓawo ya ɗeba a gefe ɗaya kawai. Wanda zai sare kuma ya nemi izinin malamin daji, ya dasa wasu a madadinsa da farkon damina, tun da irinsa ba ya jure ajiya.