Noman Dankali a Ƙaramar Gona: Darasi Daga Orozo

Dankali iri biyu ne a ƙasarmu. Na Turawa yana bukatar sanyi, shi ya sa ya fi yin kyau a Bokkos da Mangu cikin Jihar Filato. Na Hausa kuwa yana jure zafi, kuma shi ya dace da ƙasa irin ta Orozo, wani gari da ke kan hanyar Nyanya zuwa Karshi a Yankin Babban Birnin Tarayya. A kansa wannan darasi zai tsaya.

Da farko a nemi iri. Ba ƙwaya ake shukawa ba, yaɗo ake dasawa. Manomi mai hangen nesa yakan raya yaɗonsa a fadama duk tsawon rani, don kada damina ta same shi hannu wofi. A yanko kan yaɗo mai lafiya, tsawon santimita 30, wato kimanin ƙafa ɗaya. Gindin tsohon yaɗo ya fi ɗaukar ƙwayayen ƙwari, saboda haka a guje shi.

Na biyu, idan ruwa ya zauna, a tayar da kunyoyi da garma, tsakaninsu mita ɗaya, a zuba ruɓaɓɓen taki da toka. A binne gaɓa biyu ko uku na kowane yanki, a bar ƙafa ɗaya tsakanin tushe da tushe. A yi noma sau biyu kafin ganye ya rufe ƙasa.

Na uku shi ne mafi muhimmanci. Babban abokin gāban dankali wani ɗan ƙwaro ne da ba ya iya tono mai zurfi, sai ƙasa ta tsage yake samun ƙofa. Tsutsarsa takan huda dankali, ya yi ɗaci, ya ƙi ciwuwa, ya ƙi sayuwa. Maganinsa fartanya: a riƙa jawo ƙasa ana toshe kowace tsaga, musamman idan ruwa ya fara ja baya a watan Oktoba.

A haƙe bayan wata 4 ko 5, kada a bar shi ya kai rani cikin ƙasa. A kwashe ragowar, a shuka hatsi a wurin baɗi.

Jama'a, wannan aiki bai bukatar kuɗi, kula yake bukata. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa.