Kafin Ka Zaɓi Malamin da Zai Duba Kundinka

Wannan rubutu na ƙannena ne likitoci masu neman ƙwarewa a asibitocin koyarwa, da waɗanda suka shiga digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma ko wani reshe na likitanci. Na daɗe ina duba kundayen ɗalibai a sashenmu, ina kuma zama cikin masu sauraron furofozal. Cikin waɗanda na ga aikinsu ya maƙale, kaɗan ne basira ta gaza musu. Yawancinsu tun ranar da suka zaɓi malamin da zai duba aikin suka ɗaura wa kansu jinkiri.

Duk wanda ya bi wannan hanya ya san tsarin. Ko ta kwalejin horar da manyan likitoci ta ƙasa, NPMCN, wadda aka kafa a 1979 kuma take Ijanikin a Legas, ko ta kwalejojin Afirka ta Yamma, WACP da WACS, bayan ka ci jarrabawar kashi na farko sai ka rubuta kundin bincike kafin a bar ka ka zauna ta ƙarshe. Furofozal ɗinka zai bi ta hannun malaminka, ya wuce gaban sashe, ya je kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti, sannan ya tafi kwaleji. Idan masu tantancewa suka maido shi da gyara, sai ka sake komawa wajen malamin nan. Jarrabawa kuwa sau biyu ake yin ta a shekara. Ke nan idan babi ɗaya ya kwana a kan teburin wani har ranar rufe karɓar kundi ta wuce, wata shida ya tafi. Masu digiri na biyu a jami'a su ma ba su tsira ba. Sun ga yadda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022 ya cinye musu wata takwas, ba sa bukatar ƙarin jinkiri daga ofishin malami.

Kuskuren da aka fi yi shi ne bin suna. Ɗalibi ya kalli sashe, ya ga farfesan da kowa ke rusuna masa, ya ce wannan nake so. Ba na musun amfanin babban suna, domin sa hannunsa yana buɗe ƙofofi, shawararsa ta minti goma kuma tana iya gyara maka alkibla gaba ɗaya. Amma ka tambayi kanka: yaushe zai karanta shafi tamanin? Yana shugabantar tsangaya, yau yana Abuja wajen taron kwamiti, gobe yana Ibadan yana jarraba ɗalibai, jibi yana ɗakin tiyata. Tun da galibi mutum biyu ne ke duba kundi, dabarar ita ce ka haɗa babba mai gogewa da matashin ƙwararren likita wanda bai daɗe da gama nasa kundin ba, yana tuna ƙa'idojin kwaleji, yana kuma da kishin a ga sunansa a mujalla. Matashin ne zai bi ka layi-layi. Sai dai ka duba littafin ƙa'idojin tsangayarku tukuna, ka tabbatar duka biyun sun cika sharuɗɗan da kwaleji ta gindaya wa masu duba aiki.

Kafin ka ƙwanƙwasa ƙofar kowa, yi masa bincike kamar yadda za ka yi wa maudu'in kansa. Rubuta sunansa a PubMed, da Google Scholar, da AJOL inda ake samun mujallun Afirka da yawa. Duba abin da ya wallafa cikin shekara biyar da suka wuce. Idan duk aikinsa a kan ciwon ƙoda ne, kai kuma zuciyarka tana kan farfaɗiya, zai karɓe ka don kara, amma ba zai san inda giɓin ilimi yake a fannin ba. Daga nan ka nemi waɗanda suka gama a hannunsa, ka tambaye su a keɓe. Kwana nawa babi ke yi kafin ya dawo? Yana dawowa da jan biro, ko sa hannu kawai ake yi? Malamin da ke maido maka takarda ta yi ja-wur shi ne mai ƙaunarka, don abin da bai kama ba masu jarrabawa za su kama shi ranar kare kundi.

Akwai tambayar da a da ba a yi, yanzu ta zama dole: zai kai ƙarshen aikin yana nan? Manyan likitocinmu suna ta tafiya Saudiyya da Ingila, wasu hutun bincike na shekara guda, farfesa kuma yana ritaya a shekara 70. Na ga ɗalibin da ya kai rabin tattara bayanai malaminsa ya tashi, wanda ya gaje shi ya ce tsarin binciken bai yi masa ba.

Malamin kirki ana gane shi tun zaman farko, ta irin tambayoyin da zai yi maka. Zai ce, masu wannan cuta nawa ke zuwa asibitinmu a wata? Idan lissafi ya nuna kana bukatar yara 200, asibitin kuma biyar yake gani a wata, wata 40 ke nan, lokacin horonka ya ƙare. Zai tambayi kakar cutar: zazzaɓin cizon sauro da damina yake tashi, sanƙarau da rani, saran maciji kuwa lokacin noma da girbi ya fi yawa, kamar yadda masu aiki a asibitin Kaltungo suka sani. Idan amincewar kwaleji ta zo bayan kakar ta wuce, sai baɗi. Zai tambayi ɗakin gwaji: sinadarin da kake so da dala ake saye, daga albashinka za ka biya? Ina firizar da za ta ajiye jinin, wa zai tabbatar ba a ɗauke mata wuta ba? Wanda bai yi maka ko ɗaya daga waɗannan tambayoyi ba, ya ce "maudu'i ya yi kyau, je ka rubuto", ka yi hattara. Shi ya sa nake ba da shawarar a nemi malamin da yake da binciken da ke gudana. Aikin da aka yi a Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka a kan kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki misali ne na irin inuwar da ɗalibi zai samu na'ura da horo da marasa lafiya a wuri guda.

Inda muka fi shan wahala mu 'yan Arewa shi ne kunya. An tarbiyyantar da mu ba a titsiye babba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma ladabi bai hana tambaya ba. Ka je da shafi ɗaya ɗauke da maudu'i biyu ko uku da dalilin kowanne, ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka ce, "Ranka ya daɗe, idan na kawo babi, yaushe ya dace in dawo? Ta imel ka fi so ko a buga?" Babu malamin da zai ji haushin wannan. Haka maganar sunaye a kan maƙalar da za ta fito daga kundin, a yi ta tun farko. Ƙa'idar kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ta ce marubuci shi ne wanda ya ba da gudummawa ta gaske wajen tsara aikin ko nazarin bayanai, ya sa hannu a rubutun ko gyaransa, ya amince da shi, ya kuma yarda ya ɗauki alhakinsa. A al'ada wanda ya yi kundin shi ne na farko. Abin da ba a faɗa ba ranar farko, shi ke ɓata zumunci daga baya.

Abu ɗaya ne ba na sassauci a kansa. Duk malamin da ya ce ka fara ɗibar jini takardar kwamitin ɗa'a za ta biyo baya, ko ya ce ka cike guraben da suka rage da lambobi daga kanka, ka rabu da shi komai girmansa. Mu a nan mun san abin da rashin kiyaye wannan ya jawo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano. Cikin kusan 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyayensu. Rashin yardar da wannan ya shuka yana cikin abin da ya sa jama'a suka guji rigakafin shan-inna a 2003. Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya a 2007. Malamin da ya san darajar aikinsa zai sa ka fassara takardar neman yarda zuwa Hausa, ya tabbatar ana karanta wa uwar da ba ta iya karatun boko ba kafin ta dangwala.

Ga 'yan'uwana mata likitoci: idan kina sa ran haihuwa a tsakiyar aikin, ki faɗa wa malamin da wuri a tsara lokaci da shi. Ganawa kuma a ofis ake yi, a lokacin aiki. Duk wanda ya nemi wani abu daban, ki sanar da shugaban sashe ko mai kula da horo a rubuce.

Idan kuma ka riga ka zaɓa, tafiya ta ƙi, sauya malami ba rashin kunya ba ne. Ana yi ta hannun shugaban sashe, cikin mutunci, kuma ya fi sauƙi kafin kwaleji ta amince da furofozal.

Mu kuma da ke riƙe da jan biron, ina roƙon mu ji tsoron Allah a kan lokacin yaran nan. Wanda ya san ba zai iya karanta babi cikin mako biyu ba, ya faɗa wa ɗalibin tun ranar farko, ya haɗa shi da abokin aikin da zai iya.