Yadda Ake Auna Ƙarfin Kariyar Man Shafawa

Kowa ya san ƙarfe yakan yi tsatsa, mai kuma in ya daɗe a ajiye yakan canja wari. Iskar oksijin ce ke jawo duka biyun. Irin wannan ɓarna takan sami fatar mutum, musamman mai yini cikin rana. Akwai sinadarai masu tare ta, waɗanda masana ke kira antioksidan. Ana samun su cikin man kaɗanya da manja, haka kuma cikin cittar da ake nomawa a ƙasashen Kachia da Jaba, ake kaiwa kasuwar Kafanchan. Don haka ne masu haɗa man shafawa suke sa su a ciki.

To, amma yaya za a tabbatar suna nan, kuma da sauran ƙarfinsu? Ido ba ya gani, hanci ba ya faɗa. Sai an auna.

Ɗaya daga cikin hanyoyin awon ita ce na'urar da ake kira bayosensa. Leland Clark, wani masani a Amurka, shi da abokin aikinsa suka bayyana tushenta a 1962. 'Yar'uwarta ce masu ciwon sukari ke auna jininsu da ita.

Ga yadda take aiki. A bakinta akwai ɗan sinadarin halitta, dangin wanda ke sa doya ta yi duhu in an fere ta an bar ta. Sai a narka man kaɗan, a ɗiga a kai. Idan ya gamu da irin sinadaran kariyar da ke cikin citta, sai lantarkin da ke bi ta na'urar ya canja, lamba ta fito. Daga nan a gwada lambar da ta wani sinadari wanda aka riga aka san ƙarfinsa.

Abin lura, awon yana nuna abin da ke cikin kwalba ne kurum. Amfaninsa a jiki sai an yi wani gwajin dabam. Kuma zafi da hasken rana suna cin ƙarfin nan a hankali.

Saboda haka, jama'a, kafin ku saya, ku duba lambar rajista ta NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, da ranar ƙarewar aikin man. Ku rufe shi sosai, ku ajiye a inuwa. In ya canja wari ko launi, a zubar. Rigakafi ya fi magani.