Yadda Ake Gano Karkarwar Furofela Bayan An Taɓa Sifirin

Duk wanda ya san hanyoyin ƙasar Daura, tun daga wadda ta taso daga Kano ta ratsa Kazaure, har zuwa wadda ta bi ta Mai'aduwa da Kwangwalam ta faɗa ƙasar Damagaram, ya san cewa tsofaffin motocin nan, wato Land Rover da hakimai da ma'aikatan En'e suka yi yayi, da Peugeot da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da a-kori-kura ta Toyota da ta Datsun, har yanzu ba su sakar wa sababbi hanya ba, kuma da wuya a sami guda a cikinsu da take tsaye a kan tsayin da kamfani ya fito da ita. Mai jigilar hatsi da awaki zuwa kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi yakan sa a ƙara masa ganyen sifirin domin bayan motar ya ɗauki lodi. Wanda kuwa ya gaji motar mahaifinsa, ba shi da niyyar ɗora mata buhu, yakan sa a zare ganye ɗaya ko biyu, ko a saka ƙarfe tsakanin sifirin da aksul, domin ta sauko ƙasa, ta yi laushi, dattawan gida su hau ba da wahala ba. Galibi ba a cika mako da yin haka ba sai mai mota ya dawo gareji yana cewa wata karkarwa ta shigo masa wadda bai san ta ba a da.

Abin da na gani a wurin tsofaffin kanikawan ƙasar Daura, waɗanda na daɗe ina zama a inuwarsu ina kallon hannunsu, shi ne ba sa ɗaukar sifana sai sun hau motar. Mai mota zai zo da hukuncinsa a baki, ya ce, "Oga, taya ce, a kai ta wurin masu balansin," shi kuwa maigidan garejin sai ya ce, "Ranka ya daɗe Alhaji, mu ɗan taka ta tukuna, ita za ta gaya mana." Dalilinsa kuwa ingantacce ne, domin abubuwa uku ne ke juyawa a mota, kowanne da saurinsa, kuma kowanne da irin karkarwarsa. Injin dai shi ya fi sauƙin kawarwa daga zargi: a tsaye, giya a firi, a taka totur sannu a hankali, in ba a ji komai ba to ba shi ba ne. Saura taya da furofela. Tayar a-kori-kura kewayenta ya kai kimanin mita 2, saboda haka a gudun kilomita 80 a sa'a tana juyawa kusan sau 11 a daƙiƙa, alhali furofela, wadda haƙoran bak-aksul ke rage saurinta wajen sau huɗu kafin ya isa taya, tana juyawa fiye da sau 40. Don haka karkarwar taya jijjiga ce mai nauyi da mutum zai iya ƙidayawa, tana kaɗa sitiyari ko kujera, ta furofela kuwa tsuma ce ƙanana a jere, ana jin ta a tafin ƙafa da sandar giya, madubin ciki ya yi dishi-dishi, wani lokaci har da gunji a kunne.

In an tabbata furofela ce, sai a raba mas'alar gida biyu, kuma a kan hanya ake raba ta. A kai motar daidai gudun da take karkarwa, a mayar da giya firi, a bar ta ta gangara da kanta. Idan karkarwar tana nan ba ta ragu ba, mafi rinjayen zato shi ne sandar ta lanƙwashe ko nauyinta ya karkata gefe guda. Idan kuwa ta ɓace da sakin totur, ta dawo da taka shi, musamman lokacin tashi daga tsaye da lodi ko hawan tudu, to illar tana ga kusurwar gaɓoɓin, kuma ita ce illar da sauya tsayin mota ke haifarwa.

Kafin a kai ga wannan, akwai dube-duben da kowane yaron gareji ya sani, ba sai an tsawaita ba: a girgiza kowane kuros a ji ko ya yi wasa ko ya ƙage, a duba notocin filanji, a duba robar da ke riƙe da wutsiyar giyabos ko ta zauna, a duba boris na tsakiya ga motar da furofelarta biyu ce, a kankare busasshen laka da ya manne a sandar tun damina. Abu biyu ne kawai a nan suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko, furofela tana da wurin da take zamewa ta tsawaita ta gajarta yayin da aksul ke hawa da sauka, kuma motar da aka saukar takan tura sandar ciki har wurin zamiyar ya ƙure, ta riƙa dukan giyabos a kowane rami. Wannan ba ya gyaruwa sai an rage tsawon sandar. Na biyu, idan yara sun zare wurin zamiyar domin su shafa giris, sukan mayar da shi a kan haƙorin da ba nasa ba, kunnuwan kuros na gaba da na baya su daina kallon layi ɗaya. Yawancin masu ƙera furofela suna buga 'yar kibiya a kowane ɓangare, kuma ita ce hujja, domin akwai 'yan motocin da kamfani ne ya karkata kunnuwan da gangan.

Yanzu ga asalin al'amarin, wanda in mutum bai fahimce shi ba zai yi ta sayen kuros har aljihunsa ya gaji. Kuros, wato gaɓar nan mai siffar giciye, wadda Turawa ke danganta wa Cardano, masanin Italiya na ƙarni na 16, da Robert Hooke na Ingila a ƙarni na 17, tana da wata ɗabi'a da ba a raba ta da ita: muddin sanduna biyun da ta haɗa ba a miƙe suke ba, to ko da ta farko tana juyawa da sauri ɗaya bai canza ba, ta biyun sai ta yi gaggawa ta yi jinkiri sau biyu a cikin kowane juyi. A kusurwar digiri 3 wannan saɓani ɗan kaɗan ne ƙwarai, amma a digiri 10 ya kai kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari sama da ƙasa, kuma abin da ke faruwa sau 80 da wani abu a daƙiƙa ba ya ɓuya. Hikimar masu ƙira ita ce suka sa gaɓa ta biyu a ƙarshen sandar domin ta warware abin da ta farko ta ƙulla, kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi. Amma warwarewar tana da sharaɗi biyu, kunnuwan su kasance a layi ɗaya, kusurwar gaba kuma ta yi daidai da ta baya. Kamfani ya cika sharaɗin a tsayin da ya zaɓa. Ranar da aka zare ganyen sifirin, bakan sifirin ya miƙe, aksul ya ɗan mirgina a mazauninsa, hancin bak-aksul ya kalli wani wuri dabam, wutsiyar giyabos kuma ta sauko, sai kusurwoyin biyu suka rabu.

Awon kusurwar shi ne inda ake gane gwani, kuma shi ne inda na fi ganin ana zamewa. Kuskure na farko shi ne a auna motar tana kan jak, ƙafafunta na reto, alhali ba a haka take tafiya ba. Wajibi ne ta tsaya a kan tayoyinta, a kan ramin gareji ko daɓe mai lebur, da irin nauyin da ta saba ɗauka. Mai kai buhuna Zango ko Baure sai a ɗora masa buhunansa, ko a tara yara su hau baya. Kayan awon ba wani abin tsada ba ne. Tun kafin wayar hannu ta zo da ma'aunin karkata a cikinta, na ga dattijon bakanike yana aiki da rabin da'irar nan ta 'yan makaranta, ya huda tsakiyarta, ya zura zare, ya ɗaura noti a ƙarshensa, ya ɗora miƙaƙƙen gefenta a jikin ƙarfe ya karanta inda zaren ya tsaya, kuma awonsa bai kasa na wayar ba. Wuri uku ake aunawa: karkatar giyabos, a kan fuskar filanjinsa ko wani gogaggen wuri a jikin injin; karkatar sandar furofela a tsakiyarta; da karkatar hancin bak-aksul a kan fuskar nasa filanjin. Kowane wuri sai an goge shi tas, domin ƙwayar yashi a ƙarƙashin ma'auni tana iya cin digiri guda, digiri guda kuwa shi ne dukkan abin da ake jayayya a kansa.

Sai hisabi, kuma a nan ne ake so mutum ya natsu, ya zana abin da alli a ƙasa maimakon ya riƙe a ka. A ce giyabos ya gangara baya da digiri 4, sandar ta gangara baya da digiri 1. Tun da duka gefe ɗaya suka karkata, sai a ɗebe, kusurwar gaba ta zama 3. A ce kuma hancin bak-aksul ya ɗaga sama da digiri 8. A ɗebe 1 na sandar, kusurwar baya ta zama 7. Tsakanin 3 da 7 akwai 4, kuma ga karkarwar nan a fili. Amma da sandar haurawa ta yi zuwa baya, kamar yadda takan yi a motar da aka saukar ƙwarai, to tarawa za a yi ba ɗebewa ba, kuma wanda ya rikita wannan zai juya aksul ta inda ciwon zai ninku. Abin da ake nema shi ne layin giyabos da layin hancin bak-aksul su jeru ba tare da ɗayan ya nufi ɗayan ba, bambancin kusurwoyin biyu kada ya wuce digiri ɗaya, kowace kuma, in da hali, kada ta haura 3 da yawa. Ba a kuma so ta zama sifili, domin ƙananan alluran da ke cikin kofunan kuros suna bukatar ɗan motsi su juya su sha giris, in ba haka ba sai su tsaya wuri ɗaya su ci ƙarfen su yi masa zane.

Akwai wata ɓoyayyiyar mas'ala da ba kowa ke lura da ita ba. Lokacin da aka taka totur, tayoyi na tura mota gaba, aksul kuwa na ƙoƙarin murɗawa baya, hancinsa ya ɗaga, kuma sifirin da aka rage wa ganye ya fi barinsa ya ɗaga. Saboda haka gwanaye sukan bar hancin ƙasa da lissafi da digiri ɗaya ko biyu a tsaye, domin ya hau daidai a lokacin da motar ke ja. Ko ɗaya za a bari ko biyu, wannan ijtihadin bakanike ne, gwargwadon laushin sifirin da nauyin ƙafar mai tuƙi, kuma ban taɓa jin haushin wanda ya tsaya ya tambayi mai mota yadda yake tuƙi kafin ya yanke ba.

Maganin kansa ɗan ƙarfe ne mai kauri a baki ɗaya, siriri a ɗayan, da ake sakawa tsakanin sifirin da mazaunin aksul, ɗaya dama ɗaya hagu, masu digiri iri ɗaya. Wasu sukan samo shi a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, wasu kuma su kai awo wurin masu sassaƙar ƙarfe da inji. Ina ganin ƙarfe ya fi alminiyam mai taushi, katako kuwa ko tsinken tsohuwar taya, da wasu ke cusawa don gaggawa, ganganci ne da rayukan mutane. Idan aksul a kan sifirin yake zaune kuma ana so hancin ya sauka, kaurin baya zai kalla; idan sifirin ne a sama, kaurin gaba zai kalla. Dole kan ƙusar tsakiyar sifirin ya ratsa ƙarfen ya shiga raminsa a mazaunin aksul, in ya gaza a sa mai dogon kai, domin ita ce ke hana aksul zamewa. Ga mota mai furofela biyu, sau da yawa 'yan wasoshi a mazaunin boris na tsakiya, su ɗaga shi ko su sauke shi kaɗan, sun isa su raba kusurwar daidai. Peugeot 504 salun kuwa babinta dabam ne, domin furofelarta a cikin bututu take tun daga giyabos har baya, ba a auna ta ta wannan hanya.

Wanda ya ga dole sai ya juya ƙafafun baya a sama domin ya kalli sandar tana gudu, ya ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe, ba jak ko bulo ba, ya tokare tayoyin gaba, kuma kada mai babbar riga ko rawani ya matso, domin furofela in ta kama tufa ba ta saki. A nan ne ake kusantar da alli a hankali har ya taɓa wurin da ya fi bulluƙowa, a ɗaura zoben matse tiyo da kan ƙusarsa a kishiyar alamar, a yi ta gusar da shi har tsumar ta kwanta. Wannan maganin karkatar nauyi ne, ba ya gyara kusurwa, kuma sandar da ta lanƙwashe sosai sai dai a canza ta.

Bayan an saka ƙarfen gyaran kusurwar sai a sauke motar, a tura ta gaba da baya domin sifirin ya zauna, a sāke awon nan uku daga farko, saboda juya aksul yakan ɗan canza karkatar sandar ita ma. Sannan a koma kan hanyar da aka fara gwaji, a gudun da aka fara jin abin, da lodi da kuma babu lodi. Ƙusoshin da ke rungume da aksul gara a sa sababbi, a ɗaure su bi da bi a gicciye, a kuma gaya wa mai mota ya dawo bayan tafiyarsa ta farko da kaya a sāke bin su da sifana, domin sabon ƙarfe yakan zauna su yi sako-sako.