Hannun Ɓoye Da Hannuwanmu

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci ga ManzonSa. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a majalisun Madawa, Buza da Keita mukan ji ana cewa wai wata ƙungiyar asiri ke juya duniya, ita ke saukar da yunwa da yaƙi. Ba mu musun makircin azzalumai, mulkin mallaka shaida ne. Amma jingina juyin al'amura duka ga abin halitta rauni ne ga tauhidi, domin aya ta 26 cikin Ali Imrana ta keɓe mulki ga Allah.

Mu tuna garin Bangi na ƙasar Madawa. A Nuwamba 2016 rikicin manoma da makiyaya ya ci rai aƙalla 18. Wane baƙo ya ɗauki adda ran nan? Maƙwabta ne masu fuskantar alƙibla guda. Aya ta 30 cikin Shura ta danganta masifa ga aikin hannuwanmu.

Don haka manomi ya bar burtali, makiyayi ya jira a kwashe amfanin gona, kowa ya binciki labari kafin ya yaɗa shi, kamar yadda Hujurati ta umurta. Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.