Me Ya Sa Esin Mota Ke Daina Sanyi?

Darasinmu na kimiyya a wannan makon a kan esin mota yake, wato na'urar da ke sanyaya cikin mota. Da zarar zafin Maris da Afrilu ya kankama, sai ka ga motoci sun yi layi wurin masu gyaran esi, kowa yana cewa, "Gas ɗina ya ƙare, a ƙara mini." To amma gas ɗin esi ba ya ƙonewa kamar fetur. Idan ya ragu, akwai inda ya bi ya fita. Ɗalibin da ya gane haka zai iya taimakon babansa ko yayansa don kada su yi ta asarar kuɗi.

Daga ina sanyin yake zuwa?

Mu tuna da randa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bin iska ya bushe, kuma in zai tafi sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi. Shi ya sa ruwan randa ke da sanyi. Haka ma idan aka shafa maka sifirit kafin allura, za ka ji wurin ya yi sanyi. Ƙa'idar ita ce, duk ruwan da zai koma iska sai ya zuƙi zafi daga abin da ke kusa da shi.

Da wannan ƙa'ida esi yake aiki. Yawancin motocin da ke titunanmu suna amfani da gas mai suna R-134a. Ruwan sha yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salsiyos, shi kuwa wannan gas yana tafasa ne a wajen digiri 26 ƙasa da sifili. Yana zagayawa cikin bututai a rufe, ya bi ta wurare huɗu:

1. Kwamfaresa. Inji ne ke juya ta da bel. Ita ke matse gas ɗin ta tura shi gaba, kamar yadda zuciya ke tura jini.

2. Kwandensa. Tana gaban lagireto. Iskar waje da fanka suna huce gas ɗin da ya yi zafi har ya koma ruwa.

3. Bawul. 'Yar ƙaramar ƙofa ce da ke sakin ruwan kaɗan-kaɗan. Da ya wuce ta sai matsin ya faɗi, ya yi sanyi ƙarara.

4. Ibaforeta. Tana ɓoye a gaban mota, bayan inda rediyo yake. A nan ruwan ke komawa gas yana zuƙe zafin cikin mota, fanka kuma ta huro mana iska mai sanyi.

Daga nan gas ɗin ya sake komawa kwamfaresa. Kun ga ke nan babu inda aka cinye shi.

Abubuwan da ke hana sanyi

Na farko shi ne yoyo. Robobin da ke mahaɗar bututai suna bushewa su tsage, tiyo yana tsufa, tsakuwa kuma tana iya huda kwandensa. Ko lafiyayyar mota takan rasa ɗan kaɗan cikin shekaru. Amma idan an zuba gas yau, bayan mako biyu sanyi ya gudu, babu shakka akwai huji. Akwai wani mai da ke zagayawa tare da gas ɗin, don haka inda ake yoyo sau da yawa za ka ga maiƙo da ƙura sun manne a wurin.

Na biyu, wani lokaci gas yana nan cif, matsalar a wani wuri take. Fiyus na iya ƙonewa, bel na iya saki ko ya tsinke, fankar kwandensa na iya mutuwa. Idan esi yana sanyi lokacin da mota ke gudu, amma ya daina a cunkoso, a fara duba fankar. Ƙurar hunturu ma tana toshe kwandensa da filtar iskar cikin mota. Ruwan da ke ɗiga a ƙarƙashin mota in an kunna esi kuwa ba matsala ba ne, raɓa ce da ta taru a jikin ibaforeta.

Yadda gyara na gaskiya yake

Ƙwararren mai gyara ba ya fara da zuba gas. Zai fara ɗaura geji ya auna matsi. In ya ga gas ya ragu, sai ya nemi hujin, ko da ruwan sabulu mai yin kumfa a wurin yoyo, ko da wani rini mai ƙyalli idan an haska shi da fitila ta musamman. Ya canza abin da ya lalace. Bayan haka ya sa famfo ya zuƙe iska da danshin da suka shiga bututan, domin danshi na iya daskarewa ya toshe bawul. Sai a ƙarshe ya zuba gas daidai awo. Akwai 'yar takarda manne a ƙarƙashin murfin inji mai nuna irin gas ɗin motar da yawan giram ɗin da take ci. Gas ɗin da ya yi yawa ma yana rage sanyi, ya wahalar da kwamfaresa.

Zuba gas ba tare da toshe huji ba kamar ɗiban ruwa ne a rariya. Banda asarar kuɗin gas, man da ke kare kwamfaresa yana fita tare da shi. In ta lalace, kuɗinta ya fi na 'yar robar da aka ƙi canzawa nesa ba kusa ba.

Hattara

Wannan ba aikin yara ba ne. Kada mu kwance bututun esi, don gas ɗin yana cikin matsi mai ƙarfi, kuma tsananin sanyinsa na iya ƙona fata ko ya lalata ido. Kada a yarda a zuba gas ɗin girki a esi, saboda yana kama wuta. Kada kuma a gauraya gas iri biyu.

Sakin gas a iska yana cutar da duniya. Motocin da suna amfani da R-12, wanda aka gano yana lalata rufin ozon da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ce ta sa aka daina shi. R-134a bai taɓa ozon, amma yana ƙara ɗumamar yanayi, shi ya sa sababbin motoci da yawa suka koma R-1234yf.

Gwada kanka

1. Me ya haɗa randa da esin mota?
2. Ina kwandensa take, kuma mene ne aikinta?
3. Me ya sa ake zuƙe danshi kafin a zuba gas?

A rubuta amsa a takarda tare da suna da aji, a miƙa wa kulob ɗin 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba, in sha Allahu.