Matambayi Ba Ya Ɓata: Yadda Manhajar Bincike Ke Koyo Daga Masu Amfani da Ita

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana na cewa matambayi ba ya ɓata. Sai dai a yau, kafin ɗalibi ya tambayi malaminsa sau ɗaya, ya tambayi wayarsa sau goma. Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan yadda manhajojin bincike a intanet ke gyara amsoshinsu ta hanyar lura da zaɓin masu tambaya, da kuma abin da ya rataya a wuyan ɗalibin harshe game da hakan.

2.0 Tushen Matsalar

Na'ura ba ta san ma'ana ba, haruffa take gani. Idan ɗalibi a Jimeta ya rubuta "Limawa", yana nufin unguwarsu ne, alhali akwai Limawa a Minna, akwai kuma a Dutse. Haka "Yola": ga babban birnin Jihar Adamawa, ga kuma unguwar Yola a cikin birnin Kano.

Rubutun Hausa ya ƙara wa lamarin nauyi, domin ba a nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutun yau da kullum. "Gari" na iya zama wurin zama ko na tuwo. Idan kuma aka yar da ƙugiya, "baki" zai haɗa ma'ana uku: bakin magana, da baƙin launi, da baƙin da suka zo ziyara. Wannan ya fi shafar mu a Adamawa, domin Fulatanci yana da ɓ da ɗ amma ba shi da ƙ, don haka da yawa kan furta ta, su kuma rubuta ta, tamkar k.

3.0 Yadda Na'ura Ke Koyo

Dabarar ta girmi intanet. A shekarun 1960 Gerard Salton ya jagoranci ƙera manhajar SMART a jami'o'in Harvard da Cornell na Amurka. A cikin wannan aiki ne J. J. Rocchio ya fito da hanyar da aka wallafa a 1971. Matakanta uku ne:

i. Mai bincike ya rubuta tambaya, na'ura ta jero masa takardu.
ii. Ya nuna waɗanda suka dace da buƙatarsa da waɗanda ba su dace ba.
iii. Na'ura ta ƙara wa kalmomin takardun da suka dace nauyi, ta rage na sauran, sannan ta sake nema.

Alal misali, idan mai neman "gari" ya zaɓi takardun da ke ɗauke da "masara" da "niƙa", na'ura za ta kawar da masu maganar "hakimi" da "ganuwa".

Manhajojin yau ba sa jiran a gaya musu. Sukan lura da sakamakon da aka fi latsawa, da kuma yadda mutum ke gyara tambayarsa idan bai gamsu ba. Idan mutane da yawa suka rubuta "kamus" sannan suka koma suka rubuta "ƙamus", na'ura za ta fahimci cewa abu ɗaya ake nufi.

4.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Wannan hanya tana da illa biyu. Ta farko, mutane kan latsa sakamakon da ke sama ko da ba shi ne mafi inganci ba, sai na'ura ta ɗauka ya gamsar, ta ci gaba da ɗora shi a sama. Ta biyu, na'ura rinjaye take bi. Idan masu rubuta "kasa" a madadin "ƙasa" suka fi yawa, kuskuren ne zai zama mata daidai, ta kuma koya wa na baya. Tun da Google Translate ya sanya Hausa a 2013, rubutun da ke intanet ya zama abincin irin waɗannan na'urori, mai kyau da maras kyau.

5.0 Aikin Ɗalibi

Ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006 daga bakin jama'a aka tattaro kalmominsu, amma sai da masana suka tace. Wannan tacewa ce na'ura ke buƙata daga gare mu. Saboda haka:

i. Mu sanya allon rubutun Hausa a wayoyinmu, mu kiyaye ƙugiya da ƙa'idar raba kalmomi.
ii. Mu ƙara kalmar da ke fayyace nufi, kamar "Limawa Jimeta".
iii. Kada mu tsaya a sakamakon farko, mu gwada shi da ƙamus.
iv. Mu gyara kurakuran da muka gani a Wikipedia ta Hausa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa manhajar bincike almajira ce, masu amfani da ita ne malamanta. Abin da aka shuka shi kan tsiro. A matsayin jinga, mai karatu ya nemi "fari" a wayarsa, ya ƙirga ma'anonin da suka fito a sakamako goma na farko, sannan ya gwada su da abin da ƙamus ya kawo.